Ciwon Sukari da Rayuwar Manomi a Ƙasar Tofa

An daɗe ana ɗaukar ciwon sukari cutar attajirai da ma'aikatan birni. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa shawarar da ake ba mai wannan ciwo a karkara ba za ta yi amfani ba, sai an auna ta da yadda manomi ke tafiyar da shekararsa. Mun ɗauki Tofa misali, domin tana cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da ke kewaye da birnin Kano, wanda Mortimore da Wilson suka wallafa nazari a kansa a 1965.

Ciwon yana samuwa ne idan jiki ya kasa samar da isasshen sinadarin insulin, ko ya kasa aiki da shi, sai sukari ya taru a jini. Alamominsa sun haɗa da yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Amma sau da yawa yakan yi shekaru bai nuna alama ba, don haka awon jini ne hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye miligiram 126 a kowace desilita, kafin karin kumallo, a matsayin iyaka.

A ganinmu, abincin gargajiya ba shi ne babban mai laifi ba. Dawa da gero da wake, da miyar kuka ko kuɓewa, da kwaɗon zogale ko rama, duk suna da harza mai rage saurin shigar sukari cikin jini, muddin ba a surfe hatsin ƙwarai ba, kuma malmalar ba ta wuce kima ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sukarin da ake zubawa a koko da fura da shayi, da farin burodi, da lemon kwalba. Hana mutum tuwo baki ɗaya, alhali abin da ke rumbunsa ke nan, umurni ne da ba zai biyu ba.

Sai batun lokaci. Da damina manomi kan yini yana huɗa ko noma, wani lokaci bai karya ba. Idan yana allurar insulin, ko yana shan irin ƙwayoyin da ke saukar da sukari da ƙarfi, sukarin na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70, sai karkarwa da gumi da jiri, har suma. Ya kamata ya riƙa tafiya gona da dabino ko ƙwayar sukari a aljihu, 'ya'yansa kuma su san alamun. Da rani kuwa aiki ya ragu, cin bai ragu ba. A nan ne tafiya a ƙasa ko hawan keke za su maye gurbin fartanya. Azumin Ramadan ma yana bukatar a ga likita tun cikin Sha'aban, don a gyara lokacin shan magani.

Ƙafa ita ce jarin manomi, ita ce kuma ciwon ya fi yi wa lahani a ɓoye. Jijiyoyi kan mutu, har mutum ya taka ƙaya ko kututturen kara bai ji ba. Kafin a kai shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wataƙila gyambon ya ci ƙashi. Sa takalmi a gona, da duba tsakanin yatsu lokacin alwala, da barin sakiya ko tsaga, sun fi kowane magani araha.

Insulin, wanda Banting da Best suka gano a Toronto a 1921, zafi yana rage ƙarfinsa. Inda babu wutar lantarki, ana iya sa kwalbar a ƙaramar tukunyar ƙasa, a ajiye ta cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a kai inuwa. Maginan tukwane na Lambu suna nan kusa.