Abin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton mai kwalara

Duk shekara idan damina ta kankama aka fara jin rahotannin ɓarkewar amai da gudawa, shawarar farko da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a hanzarta ba majinyaci ruwan gishiri da sukari. Mutane da dama kan raina wannan shawara. A ganinsu cutar da ke iya kashe ƙato cikin sa'o'i ta fi ƙarfin abin da ake saye a shagon unguwa, kuma muddin ba a rataya wa mutum ledar ƙarin ruwa ba, ba a yi masa magani ba. Wannan raini ya sha jawo asarar rai. Dalilin da ya sa haɗin ke aiki yana ƙunshe ne cikin yadda ƙwayoyin halittar jikinmu ke zaɓar abin da zai shiga cikinsu.

Jikin ɗan Adam tarin tiriliyoyin ƙwayoyin halitta ne, kowace an naɗe ta da wani tantani siriri wanda sai an jera kusan 10,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Da maiƙo aka yi shi, ninki biyu. Tun da mai da ruwa ba sa haɗuwa, abubuwan da ke narkewa a ruwa, irin su gishiri da sukari, ba sa iya ratsa shi kai tsaye. Iskar da muke shaƙa tana wucewa ba shamaki, amma sauran sai ta ƙofofi na musamman da aka gina da furotin, kamar ganuwar birni da ƙofofinta. Kowace ƙofa da irin baƙon da ta sani, ba ta buɗe wa wani.

Ƙwayar halitta tana kuma iya ƙara yawan ƙofofin ko ta rage su gwargwadon bukata. Ƙwayoyin tsoka, alal misali, suna ɓoye ƙofofin sukari a cikinsu, sai sinadarin insulin ya iso bayan an ci abinci sannan su fito da su bakin tantani. Idan suka daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sukari ya taru a jini, abin da ke faruwa ke nan a nau'i na biyu na ciwon suga.

Wasu ƙofofin famfo ne, masu aiki da ƙarfi. A 1957 wani masani ɗan ƙasar Denmark, Jens Skou, ya gano ɗaya daga cikinsu yayin da yake bincike a kan jijiyoyin ƙaguwa, kuma ya samu kyautar Nobel a kan haka a 1997. Wannan famfo yana fitar da sodiyam uku daga cikin ƙwayar halitta, ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana ba hutu. Sodiyam shi ne ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishirin girki. Sakamakon haka sodiyam ya yi yawa a waje, ya yi ƙaranci a ciki, kullum yana neman hanyar komawa. Mai tankin ruwa a saman gida ya san wannan dabara: an kashe wuta wajen tura ruwa sama, amma saukowarsa kyauta ce, har da ƙarfinsa.

Wannan ƙarfi ne ƙwayoyin ƙaramin hanji ke amfani da shi. A jikin tantaninsu akwai wata ƙofa da ba ta juyawa sai sodiyam biyu da gulukos ɗaya sun zo tare. Sodiyam ya afka ciki, ya ja gulukos. Robert Crane, wani masani Ba'amurke, shi ya fara bayyana wannan tsari a wani taro a birnin Prague a 1960. Shi kuwa ruwa, inda gishiri ya nufa nan yake bi. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken kabeji ya ga yadda yake tsatso ruwa. Saboda haka idan hanji ya tsotsi sodiyam da gulukos, ruwa yana biye da su zuwa cikin jini.

Ƙwayar cutar kwalara tana fitar da dafi da ke shiga ƙwayoyin hanji ya tilasta wa ƙofar kulorayid, abokin sodiyam a cikin gishiri, zama a wangale. Gishiri ya riƙa kwarara cikin hanji, ruwa na binsa, har majinyaci ya iya zubar da kusan lita ɗaya a sa'a guda idan cutar ta yi tsanani. Abin da ya zama rahama shi ne dafin bai taɓa ƙofar sodiyam da gulukos ba. Tana nan tana aiki ko ana tsakiyar gudawa. Ruwa zalla ba zai mayar da gishirin da aka rasa ba, ruwan gishiri kaɗai kuma ba ya samun hanyar shiga sosai. Sukarin shi ne abokin tafiyar da ke sa a buɗe ƙofa.

An gwada wannan ilimi a cikin mawuyacin hali a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladesh. Kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa ruwan a manyan duro, dangin majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

A nan ne ma'auni ya zama abin kula, kuma a nan aka fi yin kuskure a gidaje. Ƙofofin suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. Idan sukari ya yi yawa, ragowar da ba ta shiga ba takan zauna cikin hanji ta jawo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba da wasu ke ɗura wa yaro da sunan ƙara masa ƙarfi ke ƙara dagula lamarin: sukarinsa ya wuce kima, gishirinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Gishiri mai yawa shi ma haɗari ne, musamman ga jarirai. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya sai da ta rage yawan gishiri da gulukos a haɗinta a 2002, bayan an ga cewa mai sauƙin ya fi rage yawan gudawa da amai a yara.

Wanda ake sayarwa a ƙunshi, wato ORS, shi ya fi, domin an auna shi kuma yana ɗauke da fotasiyam. Sai a bi adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu shi, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba tozo ba, da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. A riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, kuma kada haɗin ya wuce sa'o'i 24. Ruwan ba ya kashe ƙwayar cutar, yana mayar da abin da ake zubarwa ne, don haka a ci gaba da bayarwa ana kan hanyar asibiti. Wanda ya galabaita har ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko hankalinsa ya fara gushewa, shi ne ke bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da ɓata lokaci ba.