Ɗan Lise a Gaya da Buƙatarsa ga Mai Shiryarwa

Duk wanda ya san garin Gaya na Nijar, wanda yake zaune a gaɓar kogin Kwara daura da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma ba shi da nisa da Kamba ta jihar Kebbi, ya san cewa yaron da ya tashi a nan ya buɗe ido ne ya ga dukiya tana wucewa ta gabansa dare da rana, daga manyan motocin da suke ɗauko kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, zuwa dilolin bosho da ake jibgewa a ɗakunan ajiya kafin su tsallaka Nijeriya. Saboda haka idan wannan yaro ya kai lise, ya ga sa'ansa da ya bar lakkwal tun a kwaleji ya sayi babur yana kabu-kabu, har yana kawo cefane gida, alhali kuwa shi bai wuce roƙon kuɗin littafi ba, lalle zuciyarsa za ta tambaye shi ina wannan karatu zai kai shi. Tambaya ce ta mai hankali, kuma abin baƙin ciki shi ne sau da yawa babu wanda aka ɗora wa alhakin amsa masa ita.

Ga yadda al'amarin yake. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu a kwaleji ya zauna jarrabawar BEPC, in ya ci ya shiga lise ya yi shekara uku kafin jarrabawar bak. Tun a ajin farko na lise hanya take rabuwa, wani ya bi sashen A na adabi da harsuna da falsafa, wani ya bi na kimiyya, wanda daga bisani yake rabuwa zuwa C mai nauyin lissafi da D mai nauyin ilimin halittu. Wannan rabuwa, wadda ake yi wa yaro yana ɗan shekara sha biyar ko sha shida, ita ce take buɗe masa ƙofar likitanci ko injiniyanci ko kuwa ta rufe ta, amma nawa ne daga cikin iyaye aka taɓa zaunar da su aka fayyace musu haka? Uba yana iya zama masanin farashin shinkafa a kasuwanni uku da canjin sefa da naira, amma takardar zaɓin sashe idan ta zo gida sai ya ce wa ɗan ya rubuta abin da malam ya ce, malamin kuwa yana fama da aji cike maƙil, bai sami sararin sanin ɗabi'ar kowane yaro da abin da Allah ya hore masa ba.

Bayan bak ma haka abin yake. Yawancin ɗalibai ba su san wata ƙofa ba sai Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, ga shi kuwa tun 2014 akwai jami'a a Dosso, babban birnin jiharsu, wadda ta karkata ga fasahar kwamfuta da sadarwa. Akwai makarantar horon malamai ta Mali Bero a can Dosso ɗin, da makarantar aikin gona ta IPDR a Kollo, da EMIG ta ma'adinai a Yamai, da Jami'ar Musulunci ta Say ga masu larabci. Hukumar ANAB tana ba da tallafin karatu bisa sharuɗɗa na maki da shekaru, waɗanda ya kamata yaro ya san su tun yana da damar cika su. Ɗan Gaya kuma yana da wata falala da ɗan Agadas ba shi da ita, domin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero suna kusa da shi, haka nan ta Paraku a Benin, sai dai shiga jami'o'in Nijeriya tana buƙatar Ingilishi mai ƙwari da takardun daidaita shaida, kuma wannan shiri ne na shekaru.

Abin da ya faru tun ƙarshen watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulki a Nijar, kadarkon da ya haɗa Gaya da Malanbil ya daɗe a toshe, ya isa ya zama hujja ga mai tunani. Motoci suka tsaya, masu fitar da kaya a duwan da 'yan dako da masu sayar da abinci a bakin hanya suka ga samunsu ya ragu, samari kuwa suka koma bakin ruwa suna jiran kwalekwale ya iso su ɗauki buhu a ka zuwa tudu. Ba na raina wannan nema, halal ne kuma ya rufa wa gidaje asiri. Amma arzikin da yake rataye da buɗewar ƙofa ɗaya bai kamata a gina rayuwar yaro a kansa ba. Wanda ya iya gyaran injin ban-ruwa, ko haɗa wutar hasken rana, ko aikin jinya, sana'arsa tana hannunsa ko an buɗe iyaka ko an rufe.

A nan ne nake ganin kuskurenmu ya fi girma, wato ɗaukar da muka yi cewa makarantar koyon sana'a, irin cibiyoyin CFM da kwalejojin fasaha na CET, mafakar wanda ya faɗi ce. Malamanmu na da ba su ga haka ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da hisabi da noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su ta yi laifi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a cikin Usulus Siyasa ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a. Ƙasar Dendi, inda Gaya take, ita ce mafi samun ruwan sama a Nijar, ga fadamun shinkafa a bakin kogi, ga rake da giginya a kwarin dallol, ga gishirin Foga. Ashe ba abin takaici ba ne a ce ɗan wannan ƙasa ya ƙare lise bai taɓa jin cewa ilimin noma da sarrafa amfanin gona fanni ne da ake neman digiri a kansa ba? 'Yan mata kuwa buƙatarsu ta fi tsanani, domin dokar 2017 da ta nemi a riƙe su a makaranta har shekara sha shida ba za ta wadatar ba, matuƙar yarinya da mahaifiyarta ba su ga ungozoma ko malama 'yar garinsu da za ta nuna musu inda hanyar take ɓullewa ba.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Ya kamata kowace kwaleji da lise a Gaya ta keɓe malami guda amintacce, a rage masa darussa, a ba shi bayanan makarantu da sharuɗɗansu, ya riƙa ganawa da ɗalibai da iyayensu cikin Hausa da Dendi da Zabarmanci tun kafin BEPC. Ku kuma 'yan Gaya da kuka yi karatu kuka zama likitoci da injiniyoyi da ma'aikata a Yamai da Dosso, idan kun zo gida hutu ko salla, ku ba ƙannenku yini ɗaya a cikin aji, ku gaya musu sashen da kuka bi da wahalar da kuka sha da yadda kuka sami tallafi. Attajiran gari su ma su karɓi ɗalibai a shagunansu da ofisoshinsu lokacin dogon hutu, ƙungiyoyin iyaye kuma su sa wannan magana a gaba a taronsu na farkon shekara.