KUƊƊIN DA KE HANNU BA DUKA NE RIBA BA

Bayan kaka, idan an gama ɗaurin hatsi, mutane da yawa suna komawa ga sana'ar hannu. Wani magini ne, wani tela, wani kafinta, wani maƙeri, wani mai gyaran babur. Waɗannan mutane ba su da albashin wata. Yau a samu aiki, gobe a rasa. Kowa shi ne maigidan kansa, kuma shi ne mai ajiyar kuɗɗinsa.

Amma ga abin da ake gani kullum. Mutum ya yi aiki rani duka, kuɗɗi sun ratsa hannunsa, damana ta faɗi ba shi da na sayen iri. Bai yi caca ba, ba a yi masa sata ba. Abin da ya ɓata shi ɗaya ne: ya ɗauki duk kuɗɗin da suka shigo a kan nasa ne.

GA MISALI

Wani magini ya karɓi kwangilar gina ɗaki ɗaya a kan jika 200. Kayan aiki duka a wuyansa suke. Ga yadda kuɗɗin suka fita:

Siminti: jika 40
Kwano da ƙusa: jika 55
Katako da ƙofa: jika 25
Yashi, ruwa da kuɗɗin amalanke: jika 15
Lebura 2, kwana 10, kowane jika 1 da rabi a yini: jika 30

Idan aka haɗa, jika 165 ke nan. Abin da ya rage jika 35. To, shi ma maginin ya yi kwana 10 cikin rana. Da ƙodago ya yi wa wani a kan jika 3 a yini, da ya samu jika 30. Wannan ladan guminsa ne. Ashe ribar kwangilar jika 5 ce tak. Cikinta ne zai sayi sabon cebur, ya kuma aje na haraji.

Magini da bai yi wannan lissafi ba, ran da aka ba shi kafin alƙalami na jika 100, sai ya ga kamar ya yi arziki. Ya yi cefane, ya biya tsohon bashi, ya ba da gudummawar suna. Ran sayen kwano, babu. Gini ya tsaya, mai ɗaki ya kai ƙara wurin maigari. Kuɗɗi sun tafi, mutunci ya bi su.

MAGANI: KAYE DA BIK

Wanda ya shiga karatun manya yana da maganin wannan a hannunsa. Kaye ɗaya da bik ɗaya sun isa. A buɗe kaye. Shafin hagu na kuɗɗin da suka shigo, shafin dama na waɗanda suka fita. Kowane layi abu 3 ake sawa: kwanan wata, dalili, da adadi. A rubuta a ranar, kada a bari sai gobe. Ƙarshen mako a haɗa kowane shafi, a cire na dama daga na hagu. Abin da ya rage ya kamata ya yi daidai da abin da ke cikin jaka.

Wurin rubuta adadi akwai tarko. A baki da dala ake ƙirga, a takarda kuwa da tamma ake rubutawa. Dala 1 tamma 5 ce. Dala 20 su ne 100 F. Jika 1 dala 200 ce, wato 1.000 F. Wanda ya rubuta 100 yana nufin dala, wani ya karanta a tamma, rigima ta tashi. Saboda haka a zaɓi ƙirga ɗaya, a tsaya a kanta daga farkon kaye har ƙarshe.

Bayan kaye kuma a ware wurin bashi: wanda ake bi, da wanda ke bin mai sana'a. Tela ya san wannan. Gab da salla ɗinki ya yi yawa, rabin mutane sai su ce bayan salla. Kai ba ya riƙe sunaye 30. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni a rubuta bashi a kafa shaidu.

Haka nan kwangila. Kafin a fara, a rubuta irin aikin, kuɗɗinsa, wanda zai kawo kaya, abin da aka ba da tun farko, da ranar gamawa. Mai aiki da mai sana'a su sa hannu gaban mutum 2, kowa ya riƙe takarda ɗaya.

JAKA UKU

Kuɗɗin sana'a dabam, na gida dabam. Mai hankali yana kasa abin da ya samu kashi 3. Na farko uwar kuɗɗi, ta sayen kayan aiki. Ita ba a taɓa ta, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu ladansa, shi ne na cefane. Na uku ajiya, don haraji, gyaran keke ko watan da ba aiki. Idan dole ta sa ya ɗiba daga uwar kuɗɗi, ya rubuta, ya mayar.

MAGANAR HARAJI

Haraji ba iri ɗaya ba ne. Akwai na komin, wanda ake tattarawa ta hannun maigari. Akwai tikitin kasuwa, na mai baje kaya ran kasuwa. Akwai kuma harajin sana'a, wanda mutane suka saba ce wa fatanti. Ga ƙananan masu sana'a, yawan cinikin shekara ake dubawa wajen yanka shi. Mai kaye yana da abin nunawa. Marar kaye sai abin da aka ƙiyasta masa.

Wanda ke son kwangilar gwamnati ko ta komin, kamar ginin aji ko ƙera tebura, sai ya sami lambar haraji da ake kira NIF. Ma'aikatar haraji ta ƙasa, DGI, ita ke ba da ita.

Doka ma ta san kaye. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993. A 2010 aka gyara dokar, aka buɗe wa ƙaramin mai sana'a hanyar yin rajista mai sauƙi. Wanda ya yi ta, an ɗora masa rubuta shiga da fita kowace rana, ya kuma aje littafin aƙalla shekara 5.

Duk inda aka biya haraji, ko dala 10 ce, a karɓi takardar shaida mai hatimi. A duba suna, adadi da shekara. A aje ta cikin leda tare da kaye, nesa da ruwa da gara. Wanda ba shi da takarda, ana iya neman shi ya sake biya.

A CIBIYAR KARATU

Ba sai an ƙware ba kafin a fara. Wanda ya iya rubuta lamba da sunan kaya ya isa buɗe kaye. Kowane mai sana'a yana iya kawo lissafin aikinsa na ƙarshe a aji, malami ya sa shi a allo, a haɗa, a cire tare. A nan ne zai ga ko farashin da yake yankewa yana fid da shi, tun kafin ya karɓi wata kwangila.