Ruwan Damagaram

Damagaram babban birni ne, amma tun da daɗewa yana fama da ƙarancin ruwa. An gina garin bisa dutse mai tauri. Idan aka yi ruwan sama, dutsen ba ya riƙe shi da yawa. Daga shekara ta 1911, Damagaram ne babban birnin ƙasar Nijar. A shekara ta 1926 Turawan Faransa suka maida shi Yamai. Rashin ruwa yana cikin dalilan wannan ƙaura.

Birnin bai daina girma ba. A ƙidayar shekara ta 2012, mutanensa sun wuce 200.000. Kowane gida yana bukatar ruwan sha, da na girki, da na wanka.

To, daga ina ruwan yake zuwa? Daga karkara. An haƙa rijiyoyi masu zurfi, waɗanda ake kira foraj, a Gogo da Macaya, kudu da birnin, da kuma Arunguza, a arewa. Injuna suna jawo ruwan, bututu ya kai shi birni, sannan ya fito a famfo.

Amma mutanen karkara su ma da ruwan ƙasa suke rayuwa. Manomi yana ban-ruwa a garkarsa, makiyayi yana shayar da bisashensa, mata suna ɗiba da guga.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kamar randa guda yake. Damina ce take cika ta. Idan abin da ake ɗiba ya fi abin da damina ta zuba, sai ruwan ya yi ƙasa. Inji yana iya bin sa can ƙasa, guga kuwa iyakarsa tsawon igiya. Shi ya sa ƙaramar rijiya take riga foraj ƙafewa. In ta ƙafe, garka ta bushe, wasu manoma su koma birni neman abinci, masu bukatar ruwan famfo su ƙaru.

Saboda haka dole a yi rabo da adalci. Ƙauyen da aka ɗebi ruwa a ƙasarsa ya cancanci famfonsa. Mutumin birni kuma, in ya ga famfo yana zuba, ya rufe shi, don daga randar ƙauye ruwan ya fito.

Tambayoyi
1. Me ya sa ruwa yake wuya a Damagaram?
2. Don me ƙaramar rijiya take riga foraj ƙafewa?
3. Daga ina ruwan garinku yake zuwa?