AMSOSHIN WASIƘUNKU: Haɗa Rile Maras Motsi Daga Tsofaffin Kaya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel. Ya ce rilen da ke kunna masa ƙaramin famfon ruwa mai aiki da batir ya ƙone sau uku, shin akwai dabara?

To malam, akwai. Rilen da ka sani, maganaɗisu ne a cikinsa yake jawo ɗan ƙarfe, ka ji ƙas! Duk haɗuwar ƙarafan nan sai tartsatsi ya tashi, yau da gobe bakinsu ya cinye. Amma akwai rile wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma mai gyaran rediyon kasuwarku zai iya haɗa maka shi.

Ga kayan da za a nema. Na farko, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, an rubuta PC817 a bayansa, ana samunsa a matattun caja da tsofaffin na'urorin DVD. Ɗan haske ne a cikinsa yake ba da umarni. Na biyu, transisto mai ƙafa uku, IRFZ44N, daga tsohuwar inbata. Sai rizisto biyu, mai 1K da mai 10K, da fis, da diyod.

Ƙafar PC817 da ke kusa da ɗigo ita ce ta 1, ta 2 na gefenta, ta 3 na fuskantar ta 2, ta 4 na fuskantar ta 1. A ɗauko wuta daga kan batir mai alamar +, ta bi ta ƙaramin makunni da rizisto 1K zuwa ƙafa ta 1. Ƙafa ta 2 ta tafi kan batir mai alamar –, ta 4 kuma ta tafi +. Shi kuwa transisto, a fuskanci rubutunsa, ƙafafu suna kallon ƙasa. Ta hagu a haɗa ta da ƙafa ta 3, ta tsakiya da baƙar wayar famfo, ta dama da –. Rizisto 10K ya shiga tsakanin ta hagu da ta dama. Jar wayar famfo ta bi ta fis zuwa +. Diyod ya haɗa wayoyin famfon biyu, gefensa mai zobe yana wajen ja. A ɗaura transiston a jikin fallen alminiyam saboda zafi, kada kuma wata waya ta taɓa fallen.

Yanzu sai gargaɗi, a saurara da kyau. Wannan haɗi na batir mai bolt 12 ne kaɗai. Kada a kuskura a kai shi ga wutar gari ko ta janareta, mai bolt 230 ce, tana iya kisa nan take. Kada a jona shi kai tsaye da farantin sola, ƙarfinsa yakan kai bolt 20 ko fiye, sai ta batir. Kuma idan transiston ya mutu, sau da yawa a kunne yake maƙalewa, famfo ya yi ta aiki har batir ya ƙare. Don haka a bar babban makunni kusa da batir. Rigakafi dai ya fi magani.