Daga Masussuka Zuwa Ƙirji: Alaƙar Asma Da Alaji

Da zarar kaka ta yi a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, aka shiga sussukar gero da dawa, akwai gidajen da barci ke ƙaurace wa. Yaro zai wuni garau, har ya taya mata shiƙa a masussuka, amma dare na tsalawa sai tari, ƙirji na kuka kamar ana busa sarewa, numfashi na fita da ƙyar. Sai a ce sanyi ne ya kama shi, a lulluɓe shi, a hura wuta a ɗaki. Hayaƙin kuwa ƙara dagula lamarin yake yi, domin abin da ke damunsa fuka ce, wadda mutanen yankin ke kira huka, a asibiti kuma asma. Ƙaiƙayin da ya shaƙa da rana ne ya tayar da ita.

Me ya sa 'yan'uwansa suka shaƙi wannan ƙaiƙayin amma suka kwana lafiya? Nan maganar alaji ta shigo. Garkuwar jikin wasu mutane takan ɗauki abu marar illa a matsayin abokin gaba, ta haɗa masa wani sinadari mai suna IgE, wanda masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano tsakanin 1966 da 1967. Duk ranar da abin ya sake shiga jiki, sai wannan sinadari ya sa a saki sinadarin histamin da dangoginsa. In a hanci rikicin ya ɓarke, atishawa ce da yoyon majina. In a fata ne, borin jini ko ƙuraje masu ƙaiƙayi. In kuma a hanyoyin iska na huhu ne, sai su kumbura, su tsuke, majina ta cika su.

Abin kuma kan bi jini. Jaririn da ke fama da sosa a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, ya girma da murar da ba ta jin magani, ya fi sauran yara hatsarin kamuwa da asma. Galibin asmar yara tana da nasaba da alaji, kodayake akwai wadda ke kama manya ba tare da shi ba.

Masu tayar da ita ba daga nesa suke ba. Akwai fumfunar hatsin da ya daɗe a rumbu, da ta bangon da ya sha ruwa, irin wadda ambaliya ke bari a baya, kamar wadda ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024. Akwai kashin kyankyasai, da gashin kyanwa, da wasu ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da darduma.

Akwai kuma abubuwan da ba alaji suke haddasawa ba, fama ciwon kawai suke yi: hazon hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, hayaƙin itace, maganin sauro na ƙonawa, turaren wuta. Ƙurar niƙan duwatsun zinariya ma tana cikinsu, kuma illarta ta wuce nan. Ita ce a 2010 ta watsa gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da Yargalma a Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kuma kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda ganewa da magani ke wuya.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol, wanda aka fi gani a shuɗin gwangwani, yana buɗe ƙirji nan take. Irin su beclometasone kuwa kullum ake shaƙa, ko ana lafiya, don kwantar da kumburin. Raɗe-raɗin cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa ba shi da tushe. Yawan neman shuɗin alama ce ta cewa ciwon bai kwanta ba. Ga ƙaramin yaro, ma'aikacin lafiya na iya huda gindin robar ruwa a saka bakin maganin, ya shaƙa ta ɗaya bakin. Kula da murar alaji na rage tashin asma, yayin da asfirin da ibuprofen ke tayar wa wasu da ita.

Uwar da ke lura da inda yaro ya je da abin da ya taɓa kafin kowane tashi, ita ke ba likita bakin zaren. Amma in ya kasa haɗa kalmomi saboda haki, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ba a jiran gari ya waye kafin a nufi asibiti mafi kusa.