Ko Ka Sani? Tabarmar Da Ke Yi Wa Irin Kabewa Kwanci

Manomin kabewa a ƙasar Hausa bai cika damuwa da ɗumin ƙasa ba. Ruwan shuka na sauka, ya tona rami ya jefa iri, don rana ta riga ta gasa masa gonar tun bazara. A jihar Minnesota ta Amurka kuwa, sanyi mai daskarar da ruwa kan kai har watan Mayu, ya kuma dawo wajen ƙarshen Satumba. Irin kabewa ba ya jure wannan. Idan ɗumin ƙasa bai kai digiri 15 a ma'aunin Selsiyos ba, sai ya sha ruwa ya kumbura, ya ruɓe bai tsira ba.

Shi ya sa masu noman manyan kabewa a can suke soma shuka a cikin ɗaki tun watan Afrilu, a kan wata 'yar tabarma ta roba mai aiki da lantarki. Siririyar waya ce shimfiɗe a cikinta, wutar da take ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba. Ana jera tukwanen iri a kanta, ɗumi ya riƙa tasowa daga ƙasa, daidai inda saiwa za ta fara fitowa.

A ganina, inda hikimar take shi ne ɗan ma'aunin da ake sokawa cikin ƙasar tukunyar. Shi ke lura da zafin: in ya haura yadda aka saita, wajen digiri 30, sai ya yanke wuta, in ya sauka, ya mayar. Duk wanda ya taɓa ganin injin ƙyanƙyasar ƙwai ya san wannan aiki. Taga mai rana ba ta iya haka, domin da tsakar rana ta yi zafi, da asuba ta yi sanyi ƙarara, shi kuwa iri ɗumi yake so mai ɗorewa dare da rana, kamar na kazar da ba ta tashi daga kan ƙwanta. In ya samu, cikin kwana huɗu zuwa bakwai sai ka ga ya ɗaga ƙasa.

Da yake ɓawon irin manyan kabewa yana da kauri, wasu kan goge gefensa da sanfefa, su jiƙa shi na 'yan sa'o'i, su binne shi tsininsa na kallon ƙasa. Da ya tsiro ake rage ɗumin a ba shi haske, in ba haka ba ya zanƙale ya yi laushi.

Irin da masu gasar manyan kabewa suka fi shukawa, Atlantic Giant, wani manomin Kanada mai suna Howard Dill ne ya inganta shi. A shekarar 2023, Travis Gienger na garin Anoka a Minnesota ya kai kabewarsa gasar Half Moon Bay a Kalifoniya, sikeli ya nuna kilo 1,247, nauyin da babu kabewar da ta taɓa kaiwa a duniya kafin wannan ranar.